Faifan Tsakiya na Hsu Mei-chu

Duk layin nan na bayan kasuwar kwamfuta a Taipei babu wanda bai ji ihun Hsu Mei-chu ba. Ita ke ɗaukar bidiyon bikin ɗakin bautar unguwa, na bana kuwa ta ɗauke shi tsaf: ganguna, hayaƙin turare, dattawa suna nishi da karagar gunki a kafaɗa. A wajen liyafar kwamitin ɗakin bautar za a nuna shi. Ta juye bidiyon a kwamfuta, katin kyamarar ma tuni ta goge ta yi wani aikin da shi.

Da ma kwamfutarta ce ke jan ƙafa, sai mijin 'yarta ya haɗa mata faifan ajiya uku suka zama ɗaya. Ya ce duk abin da ta zuba, na'ura za ta yayyanka shi ta rarraba wa ukun kamar rabon karta, sai aiki ya yi gudu. Ya kuwa yi gudu.

Rannan da safe ta kunna, allo ya ce bai san zancen ba. Ta leƙa akwatin kwamfutar, ramin faifan tsakiya wayam.

"Liao! Kai tsoho, ina faifan nan?"

Mijinta Liao ya fito yana kurɓar madarar waken suya. "Au, na ara wa Shugaba Kang, waƙoƙin karaoke zai zuba mana, masu kiɗa zalla mutum ya bi da muryarsa. Ba ga biyu nan ba? Ke dai rowa."

"Biyun me? Ce maka aka yi kwafi uku ne? Kan mutum na cikin wannan, ƙafafunsa na wancan, gangar jikin ka kwashe ka kai wa Kang!"

Liao ya shafa saman akwatin. "Ni dai ban ga koriyar ledar ƙwalamar da ake ɗora wa inji don ya yi ladabi ba. Kowa na sawa, ke kin bar naki tsirara."

"Kai ka cinye ta da shayi, maras kunya!"

Ta figi silifas ta faɗa cikin ruwan sama, ko laima ba ta ɗauka ba. Kang, wanda shi ne ma shugaban kwamitin, ta tarar da shi a falo riƙe da makirfo, ido a rufe, yana jan wata waƙa da ta fi ƙarfin maƙogwaronsa.

"Ƙanwata, zo ki ji sauti! Faifan naki da tarkace na same shi, ko buɗewa ba ya yi. Sai da na share shi fes kafin ya ɗauki waƙa." Ya rage murya. "Af, bidiyon fa? Wajen da na ɗauki karaga ki bar shi ya daɗe, ƙugun nan ba zai kai ni baɗi ba."

Mei-chu ta dube shi, ta dubi akwatin waƙar yana ta walƙiya. Ta nemi kujera ta zauna, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Yaya Kang," ta ce, "ci gaba da gyara murya. Ranar liyafa kai za ka tsaya a gaban farin allon, ka rera musu a madadin bidiyon da ka share."