Abin da ke Cikin Wayar Maman Tobiya

A Abbare, in aka ambaci Alisabatu, wadda ake kira Maman Tobiya, sai baki ya rabu biyu. Wasu su ce ba a haihuwa ko rasuwa a layin ba ta riga kowa zuwa ba. Wasu su ce shekarun da ta yi tana sharar ɗakin marasa lafiya a asibiti ne suka sa take ɗaukar kanta likita. Amma tun ranar Talatar nan magana ɗaya ake yi a kanta: yarinya na shure-shure a ƙasa, ita kuwa ta tsaya tana ɗaukar ta a waya.

Yarinyar Hamna ce, 'yar maƙwabcinta Manga mai sayar da masara a kasuwar Jalingo. Shekarunta goma sha biyu, kuma ita ce ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma saba tsayar da ido a kanta a gaban mutane ba. Ran nan ya dawo da la'asar ya tarar da mata sun yi zobe a bakin famfo. Faɗuwarta ta uku ke nan. Matarsa Aishatu na ƙoƙarin cusa mata cokali a baki, sai Maman Tobiya ta fizge cokalin ta yar, ta juya yarinyar ta gefe, ta sa mata ɗankwali ƙarƙashin kai, sannan ta zaro waya.

Manga ya hango abin da zai biyo baya. Gobe a ga 'yarsa a wayar kowa, makaranta ta ce ta zauna gida, yara su guje ta. A gaban matan nan ya ce, "Ke mai shara ce, ba likita ba. Ki goge abin nan, kuma kada ƙafarki ta sake taka gidana."

Ta ci gaba da ɗauka.

Bayan kwana shida Manga da Aishatu da Hamna suna zaune a asibiti gaban wata likita mai suna Judith. An ɗebi jini, an manna wa Hamna wayoyi a ka an auna aikin ƙwaƙwalwarta, duk ba a ga komai ba. Likitar ta ce hakan na faruwa, don tsakanin faɗuwa da faɗuwa gwajin kan fito lafiya.

"Baba, kai da ka gani, ta ina abin ya fara? Hannu, ko fuska, ko jiki duka lokaci ɗaya?"

Manga ya dubi takalminsa. Ran nan yana wurin, amma fuskarsa bango take kallo.

"Minti nawa ya ɗauka?"

"Ya daɗe."

"Mama fa?"

Aishatu ta ce ita kuka take, ba ta ga komai ba.

Likitar ta ajiye biro. "Ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba. Akwai suma, akwai ta zuciya. Farfaɗiyar ma iri-iri ce, kowace da maganinta, kuma magani ne na shekaru. Ba na so in ɗora mata shi a kan zato. Ba wanda ya ɗauki bidiyo?"

Aishatu ta juyo ta dubi Manga.

A cikin keke hanyar gida, abu ɗaya ke cin Manga: in Maman Tobiya ta goge fa, kamar yadda ya umarce ta? Sai a jira faɗuwa ta huɗu ke nan, kuma wa ya san inda za ta same ta, bakin murhu ko tsakiyar titi.

Ya sami Maman Tobiya a ƙofar gidanta tana ɓarar gyaɗa. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi Tobiya da aiki, ya koma kan zafin rana. Tana amsawa ba ta ɗago ba.

"Malam Manga, ba zafin rana ya kawo ka ba."

"Abin nan da kika ɗauka... yana nan?"

"Wanda mai shara ta ɗauka?"

Ta ajiye gyaɗar, ta ɗago ta dube shi.

"Yana nan. Ko Tobiya ban nuna masa ba. Shekara ashirin ina jin likitoci suna tambayar iyaye wannan tambaya, iyaye suna kallon takalmi." Ta kaɗe zaninta. "Ba zan tura wa kowa ba. Ni da wayata za mu je."

Washegari likitar ta kalli bidiyon sau biyu, ta ce Manga ma ya matso. Bai so ba, amma ya matso. Ya ga 'yarsa kwance, hannunta na dama na karkarwa shi kaɗai, kai ya karkata, sannan jikin duka ya ɗauka. Maman Tobiya ta ce kafin ta faɗi ma hannun nan ne ya fara sakin bokiti. Duka-duka minti biyu ne, abin da ya yi masa kamar yini.

"Ta taɓa ciwo mai tsanani tana ƙarama?"

Aishatu ta tuna zazzaɓin cizon sauro da ya hau wa Hamna ka a Sunkani, tana shekara huɗu, har ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Likitar ta ce mai yiwuwa shi ya bar tabo a wani gefe na ƙwaƙwalwa, za a ɗauki hoton kai a tabbatar. Ta rubuta magani, safe da yamma, ba fashi ko an ga sauƙi. Ba a ɗaukar ciwon ta yawu, a daina ware mata kofi. In ya taso a kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata komai a baki, in ya wuce minti biyar a kawo ta. Kuma ta koma makaranta ranar Litinin.

Keke ya sauke su a bakin layi. Matan na wurin famfo da jarkokinsu, kusan duk waɗanda suka ji shi ran nan. Maman Tobiya ta nufi gidanta. Manga ya tsaya.

"Maman Tobiya."

Ta juyo. Matan ma suka daina hira.

"A nan na faɗa miki magana, a nan zan janye ta. Ke kika kalli Hamna ranar da ni na kasa. Na yi miki laifi. Ki yafe mini."