Saura Rabin Awa

A asibitin Daura aka cire wa Inna Adama turamen haƙori biyu, aka haɗo 'yarta Hadijatu da kwalbar maganin kurkure baki. Ma'aikacin jinya ya ja mata kunne: in tsohuwa ta kurkure, kada ta ci komai sai bayan rabin awa, don maganin maƙalewa yake a dasashi, ya wuni yana aiki. Hadijatu kuwa irin mutanen nan ce da ke riƙe maganar asibiti kamar karatun salla.

Ran Talata da hantsi, a gidansu na Sandamu, tsohuwar ta kurkure, ta tofar, ta yatsine fuska.

"Miƙo mini goron can in kashe ɗacin nan."

"Inna, ki yi haƙuri, saura rabin awa."

"Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

Hadijatu ta ƙulle goron a bakin zanenta, ta fita shanya. Ko da ta dawo, rabin awar ma ba ta cika ba, rai ya yi halinsa.

Kafin azahar an kai Inna makwancinta. Mata na ta shigowa gaisuwa, Hadijatu na amsawa, amma hankalinta na maƙabarta. Maganin nan yana can a bakin Inna, ƙarƙashin ƙasa, yana ta aikinsa, bai san an gama ba. Ƙamshinsa ma ya ƙi barin ɗakin. Abin da ke cin ranta ɗaya ne: goro ne roƙon uwarta na ƙarshe a duniya, ita kuwa ta hana ta.

Bayan la'asar, Maiturare, dattijuwar da ta yi wankan gawar, ta ja ta gefe.

"'Yar nan, kukan ya isa haka. Ai ta tafi da abin sonta. Da na naɗa ƙyalle zan share mata baki, taunannen goro na tarar a kuncinta, ja wur."

"Gwaggo, goro ɗaya ne a gidan nan, kuma yana wurina."

Hadijatu ta kwance bakin zanen. Ƙullin na nan yadda ta yi shi da safe. Goron ma na nan, sai dai rabi ne, wurin gutsurar har ya yi ja.

Ta kai shi hanci. Ƙamshin maganin ne.