Gaisuwar da Ta Fito da Fuskar Lawwali

Abdulfatah ɗan ƙanena ne, a hannuna ya tashi a nan Jibiya. Na so ya riƙe rumfar hatsi, ya ƙi, ya tafi Kano koyon gyaran bidiyo wurin wani Timoti. Da bidiyon biki da suna ya fara, yana yanke inda amarya ta yi hamma, yana ɗora kiɗa. Daga baya wani kamfanin labarai na Abuja ya riƙa ba shi aiki. Ban hana ba. Sana'a sa'a, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da kaka ta gabato, kamfanin ya nemi manomin da zai faɗi yadda mutanen daji ke tilasta wa ƙauyuka noma musu gonaki. Kowa ya noƙe sai Lawwali na Bugaje, mijin 'yata Ummusalma. Na ce masa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ya sunkuyar da kai, Abdulfatah ne ya karɓe zancen.

"Baba, ba mai gane shi. Zan rufe fuskar da hazo, in sauya murya ta koma kamar ta kwaɗo."

"To kwaɗon ma ai yana da dangi," na ce.

A zaurena aka yi ɗaukar, an rataye tabarma a bayansa don kada a gane gidan. Ana cikin yi na dawo daga masallaci na ratsa zan shiga ciki. Lawwali na ganina ya zame daga kujera ya durƙusa, kamar yadda kowane ɗan kirki ke yi wa surukinsa. Na amsa, na wuce, ya koma ya ci gaba da magana.

Aikin yaron yana da tsari, na sha zama ina kallo. Ya kwashe hotuna daga kati zuwa kwamfuta, ya daidaita murya da motsin baki, ya yanyanke, ya sa hazo, ya fitar da shi dunƙule guda. Mataki na ƙarshe, wanda ya ce Timoti har dundu yake yi a kai, shi ne a zauna a kalla daga farko har ƙarshe kafin a aika. Ran da zai aika bidiyon Lawwali babu wuta, batirin sola ya kusa mutuwa, Tabita mai kula da aikin a Abuja ta ce a ranar take son shi. Sabis ɗinmu kuma ya ɗauke, sai an je Magama bakin iyaka a kama na Nijar. Ya kalli farko, ya kalli ƙarshe, ya hau babur. Sauri ya haifi nawa.

Washegari da hantsi ya same ni a rumfa.

"Mi ya faru?"

Ya miƙo mini waya. Ga Lawwali zaune, hazo ya lulluɓe kansa, murya kamar daga cikin tulu. Sai na ga jikin ya yi ƙasa. Hazon ya tsaya a sama inda aka dasa shi, yana rufe tabarma. Ƙarƙashinsa ga fuskar surukina tar, har da tsagar kumatunsa, yana cewa wani abu da bakin ladabi. Ƙiftawar ido ce, ya koma cikin hazon.

"Na ɗauka zaune yake har ƙarshe," in ji Abdulfatah. "Hazon wuri guda na kafa shi. Ban sa ya bi kan ba."

"Sun saka?"

"Tun jiya da la'asar."

Na rufe rumfa ban ko ɗaure bakin buhu ba. Muka hau babur zuwa Magama, muka tsaya gefen layin motocin kaya, yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Duk wanda ya dube mu sai in zarge shi. A garin nan ba ka san wanda ke kai rahoto daji ba, mai sayar da mai ne ko wanda kuka yi sahu ɗaya. Wani direban Maraɗi ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, budurwa kake nema da wayar?" Ban iya ko harararsa ba.

Da Tabita ta ɗauka, ta sauke bidiyon nan take. Abdulfatah ya tambaye ta ko wani ya kwafa. Ta ce wannan ba ta da ikon sani. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta.

Na aika aka kira Lawwali ba tare da an faɗi dalili ba. Ya iso bayan azahar, ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi. Abdulfatah ya nuna masa. Ya kalla, ya ce a maimaita.

"Wa ya gani?"

"Ba mu sani ba, Yaya."

"To ƙila ba su gani ba. Baba, gerona ya nuna. A bar ni in yanke, mako ɗaya ya isa."

"Da ƙila ake binne mutane," na ce. "Ba ka kwana Bugaje yau."

Ya dubi Abdulfatah, na zaci zai kai masa hannu. Sai ya ce, "Kai da ka ce kwaɗo za ka maishe ni." Ba wanda ya yi dariya.

Aka ɗauko Ummusalma da yara a bayan motar itace, da sunan za su duba mara lafiya. Kafin magariba na raka su da Lawwali har shingen duwan, wato kwastan ɗin iyaka, suka tsallaka zuwa Ɗan Isa ta Nijar wurin kawunsa. Ummusalma ta tambaye ni yaushe za su dawo, na ce ta riƙe hannun yaran.

Abdulfatah ya ce zai ɗauki 'yan ƙodago su yanke geron. Ya zagaya Bugaje, kowa ya ce yana da uzuri. Ba su san abin da ya kori Lawwali ba, amma sun san mutum ba ya barin gona ta nuna don jin daɗi, kuma ba mai son a gan shi a cikinta. Har yau ba mu san ko mutanen daji sun ga fuskar ba. Geron ya tsaya a karansa har tsuntsaye suka gama da shi.