Gawon Gonakin Nesa

Munkaila manomi ne a Matamaye. 'Yarsa Anisa ta yi bincike a jami'a, ta rubuta cewa itatuwan gawo sun ƙaru a gonakin yankin. Wani kwamitin malamai ya yanke hukunci cewa ta yi maguɗi. Da ta ɗaukaka ƙara, wani kwamitin ya ce kuskure ne kawai. Har a kasuwa ana ta gardama a kai.

Da ta zo gida hutu, ya tambaye ta, "Su wa ke da gaskiya?"

"Baba, itatuwan gonakin da mota ke iya kaiwa kawai na ƙirga. Na nesa ban je ba."

"To, me ke can nesan?"

"Ban sani ba."

Shi ma bai sani ba, abin kuwa ya tsaya masa a rai. Washegari ya ɗaura wa shanu amalanke, suka nufi gonakin nesa. Gonar farko cike take da ƙananan gawo, ta kusa da ita babu ko ɗaya. Anisa ta fara ƙirga. Munkaila kuma ya tafi neman masu gonakin, don ya ji abin da ya bambanta su.