Bijimin Da Na Hana A Yanka

Fari ya ci shanunmu a ƙasar Sule Tankarkar, ɗan abin da ya rage kuma kaska ta sa shi gaba. Da damina ta zauna sai ka ga saniya ta daina kiwo, jiki zafi, fitsari ja kamar an jiƙa zoɓo. Daga nan sai kwanciya.

Malam Mu'azu, malamin dabbobi na Gumel, ya taɓa gaya mini a kasuwar Maigatari cewa wata ƙwayar cuta ce kaska ke zubawa a jini. Ya ce akwai masu binciken da ke neman su yi kiwonta a kwalba, suna ciyar da ita da jini, har su gano lagonta su haɗa allurar rigakafi. Amma sai jinin dabba mai rai, tana cikin zazzaɓin. Jinin yanka ba ya yi, ƙasa da ƙazanta sun shiga.

Da jan bijimina ya kwanta, sai na ba wani direban lori saƙo zuwa Gumel. Lorin bai ɓace ba Dogo mahauci ya iso yana wasa wuƙa, ƙanen uwata Kawu Ilu na biye da shi, bayansu mata da ƙwarya. Haka muke yi a garinmu. Dabba in ta ɗauko hanyar mutuwa, a yanka ta da sauran numfashi, kowane gida ya samu tsoka.

"Sa'idu, juya shi gabas," in ji Kawu.

"Ba yanzu ba, Kawu. Ina jiran malamin dabbobi."

"Shi zai tashe shi?"

"A'a. Jini zai ɗiba."

Dogo ya yi dariya. "In jini yake so, na tara masa a kasko. Har da hanta in ƙara masa."

Na ce, "Dogo, mai da wuƙarka kube. San nan nawa ne."

Kawu ya tsuguna ya ɗaga fatar idon bijimin, cikinta fari fat. "Wannan ba zai ga la'asar ba. Yaran garin nan rabon su da nama tun layya. Halal kake so ka mayar mushe saboda ɗan boko da kwalba?"

"Kowace damina yanka muke yi, Kawu. Mu ci, mu suɗe hannu, wata ta kwanta. Na gaji da ciyar da gari da asarata."

Na zauna a kan wuyan san, sandata a cinya. Aka turo liman, na gaishe shi da ladabi, ban tashi ba. Matata A'i ta aiko da fura, da saƙon in ji kunyar mutane. Na sha furar.

Rana ta karkata kafin mu ji babur. Malam Mu'azu ya sauka laka har gwiwa, da akwatin ƙanƙara a baya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya wanke wuyan bijimin, ya soka allura, jinin ya riƙa fita tsararo kamar ruwan wankin nama. Ya cika kwalabensa ya zare.

Na miƙa hannu. "Dogo, kawo wuƙa."

Dogo ya taɓa idon san, bai ƙifta ba. Ya ja wutsiya, shiru. Ya miƙe ya ce, "Sai dai ungulu."

Mata suka kife ƙwaryarsu suka watse. Babu wanda ya kama mini. Ni da jakina muka ja mushen bayan gari.

Kawu ya daina amsa gaisuwata. A masallaci, in na shiga sahu, na kusa da ni sai ya matsa.

Gero ya fara fitar da kai Malam Mu'azu ya dawo. Ya same mu da mutanen gari a gindin tsamiya, har da Kawu, ya kashe babur, ya tsaya yana murza hula.

"Malam Sa'idu, ƙwayar ta rayu 'yan kwanaki a kwalbar, har ta hayayyafa. Daga baya ta mutu. Ba su gane abin da take so ba tukuna."

Kawu ya buɗe baki a karon farko. "Sa ya mutu, ƙwaya ta mutu. To, wa ya ci riba?"

Ban kula shi ba. Na tambayi malamin ko ya zo da ƙanƙara. Ya ce akwai.

Na ce, "Sauko da akwatin. Baƙar karsanata ta ƙi kiwo tun safe."