Surukin Tela Ya Zama Kayan Tarihi

A bayan gidan Tela akwai wani tudu mai kama da kifaffiyar ƙwarya, inda surukinsa ke kai kujera kullum da rana ya yi gyangyaɗi. Ran nan sai ga ma'aikatan ofishin adana kayan tarihi. Suka auna tudun, suka ce kabarin mutanen farko ne, tun kafin a san ƙarfe. Suka ɗauki hoto, suka kewaye wurin da waya, tsoho na ciki yana minshari.

Da yamma Tela ya je fito da shi, mai gadin da aka ajiye ya tare ƙofa.

"Doka ta ce duk abin da ya fito a hoton nan ba a gusar da shi. Ga tudu, ga kujera, ga tsoho."

"Uban matata ne fa."

"To, ka yi sa'ar suruki."

Tela ya yi ta zarya a ofis har takalminsa ya buɗe baki. Shugaban ofishin ya tausaya masa, amma ya ce in aka cire tsoho yau, gobe wani zai zo cire tudun.

Shi kuwa tsoho ko a jikinsa. Aka kafa masa rumfa, likita na zuwa duba shi, ana kaɗe masa ƙura da burushi mai laushi. Baƙi suka riƙa tambayarsa ko ya san waɗanda ke kwance a ƙasa.

"Maƙwabtan kirki ne," in ji shi. "Ba su taɓa aron tsintsiyata ba."

Matar Tela na miƙa masa abinci ta saman waya tana hawaye, shi yana neman ƙari.

Da damina ta kankama, gwiwarsa ta matsa masa, ya ce gida zai koma. Ofis ya zauna taro, ya amince, da sharaɗin kada a bar kujerar ba kowa: a samo makusancinsa ya maye gurbin. Sai ido ya faɗa kan Tela.

"Baba, ku rufa mini asiri, ɗinkin mutane na jirana," in ji Tela.

Tsoho ya cire hularsa ya kifa masa. "Ka riƙa karkata wuya hagu, ɗana. Haka yake a hoton."

Tela ya hau tudu ya zauna yana huci. Iska mai sanyi ta taso, babu mai zuwa ya ce masa wando ya yi gajere. Kafin baƙin farko su iso, barci ya kwashe shi.