Ranar Da Awaki Suka Ɗanɗana Waƙata

Jiya da dare, kaina na taɓa matashi sai ga mafarki. Wai ni ne rataye da jitata a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa, mutane na ta ɗaura lema a ƙafa.

Ni dai shekara ashirin ina kaɗa wa mawaƙa jita daga baya, bakina gum. Bana na rubuta waƙar rok tawa ta kaina, irin ta Turawa mai amon jita, amma ko matata Lantana ban taɓa rera wa ba, tsabar tsoro. To a garin mafarkin nan ba a waƙa sai masu sharhi sun yarda.

Sai ga ni a ofishinsu. Awaki ne uku a kan kujeru, babbarsu Hajiya Kyalla sanye da tabarau.

"Miƙo waƙar," in ji ta.

Na miƙa takardar. Ta yagi rabi ta tauna, ta ba bunsurun da ke gefenta sauran. Ashe haka suke sharhi.

"Baitin farko gishiri ya yi yawa," in ji bunsurun.

"Malam, yatsunka ba su da na biyu," in ji Hajiya. "Wa ya aike ka waƙa? Koma inda ka saba."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Hajiya, ai waƙa da kunne ake jin ta."

Suka kalli juna. "Da kunne? Ba mu taɓa gwadawa ba."

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa, ni a saman motar tumatir. Na daki jita, na runtse ido, na kwarma. Kai! Murya kamar ana jan ƙofar langalanga. Ruwan ya tsaya cak a iska yana saurare. Mahauta suka shiga buga wuƙaƙe a tebur. Bunsuru ya yar da biro yana kaɗa gemu. Hajiya na taka rawa ta rubuta hukunci, ta ɗaga wa jama'a: "Murya ba daɗi. A ƙara!" Farin ciki ya kama ni har da hawaye.

Ƙarar kwanuka ce ta tashe ni. Lantana na wanke-wanke a tsakar gida, tana rera amshin waƙata.

"Ke! Ina kika ji wannan?"

"Baban Walida, ka hana unguwa barci da ita. Tun safe ta ƙi barin bakina." Ta ajiye tukunya ta juyo. "Kuma ka tsaya a tsakiya. Ɗauko jitar ka ƙarasa mini."